Sauro Baƙo da Ruwan Kura



Wanda ya ga kan maganar wannan lacca, sa'an nan ya ji an ce malamin Hausa ne zai gabatar da ita, ba laifi in ya tambaya me ya haɗa kifi da kaska. Amsata ita ce, tarihi na zo in ba ku, watau tarihin ƙoƙarin da masana suka yi, tun fiye da shekara ɗari, na su zauna da alƙalami su lissafa inda sauro zai iya zama, da nisan da zai iya kaiwa, da yawan da zai yi kafin ya zama annoba. Wannan aiki shi zan kira lissafin kirdado. Abin da nake so in nuna shi ne, kowane irin lissafi da aka taɓa yi wa sauron ƙasar nan a kan zato ɗaya aka aza shi, cewa ruwa na damina ne, rani kuwa yakan share fage. A ƙasar Kura da Bunkure wannan zato ya rushe tun shekara hamsin da suka wuce. Yanzu kuma ga wani baƙon sauro ya shigo Nijeriya wanda bai damu da damina ba ko kaɗan.

Bari in fara da harshe, tun da shi ne gonata. Kakanninmu sun san zazzaɓi da masassara, amma “zazzaɓin cizon sauro” sabon suna ne, ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo suka baza shi, kuma a cikinsa akwai wani ilmi da bai tabbata ba sai a 1897. Abin da Bahaushe ya sani da daɗewa shi ne lokacin cutar. Takan kunno kai in damina ta yi tsakiya, ta yi ƙamari wajen kaka, sa'ad da ake cin tumu da sabuwar masara, har waɗansu suka ɗora laifin a kan sabon amfanin gona. In hunturu ya shigo, tafkuna suka janye, kududdufai suka ƙafe, sai ta lafa. Rani shi ne babban likitan ƙasar Hausa, ba ya kuwa karɓar ko kwabo.

A watan Agusta na 1897, a garin Sikandarabad na Indiya, wani likitan soja Bature mai suna Ronald Ross ya fede cikin wata macen sauro, ya ga ƙwayar cutar a jikin tumbinta. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Ross mutum ne mai son lissafi, kuma tsakanin 1908 da 1911 ya fitar da wata ƙa'ida da ta ba mutanen zamaninsa mamaki. Ya ce ba sai an kashe sauro duka ba. Akwai wani adadi na sauro a kan kowane mutum wanda in aka yi ƙasa da shi, cutar za ta mutu da kanta, domin kowane majinyaci ba zai iya harbin cikakken mutum ɗaya ba kafin ya warke. Duk lissafin da ake yi a yau da kwamfuta jikan wannan ne.

Kirdado na farko da ya taɓa ƙasar nan kuwa ba na Ross ba ne, na Gwamna Lugga ne. A dokokinsa na tsara garuruwa, waɗanda aka tattara a dokar 1917, an ajiye cewa a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Dalilin da aka bayar shi ne sauron da ya ciji 'ya'yanmu kada ya kai ga Bature. Wannan ma ai lissafi ne, an kintaci nisan tashin sauro aka mai da shi doka, aka shata garuruwa irin su Kano da Zariya da Kaduna a kansa. Sai dai kuku da boyi a bayan gidan Baturen suke kwana. Ban da haka, a 2019 waɗansu masu bincike a ƙasar Mali suka buga sakamakon wani aiki da suka yi na ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan, su tura ta sama da dare tsakanin mita 40 da mita 290. Sun kama sauro a can, galibinsu mata da suka riga suka sha jini, kuma suka lissafa cewa iska na iya kai su har kilomita 300 a dare ɗaya. Ku gwada wannan da yadi 440.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami a Landan, George Macdonald, ya gyara lissafin Ross. Ya nuna cewa tsawon ran macen sauro ya fi yawanta muhimmanci, gama ƙwayar cutar tana bukatar kwana goma ko fiye a cikinta kafin ta iya harbin wani. In ka shafa wa bangon ɗaki guba, ta sauka a kai bayan ta sha jini, ta mutu kafin kwanakin su cika, ka tsinke igiyar. A kan wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar kawar da cutar daga doron ƙasa a 1955. A nan Arewa an fara gwajin feshi a yammacin Lardin Sakkwato a 1954, wajen Birnin Kebbi da Argungu. Ba a rufa shekara biyu ba aka tarar a Ambursa sauro ya daina jin maganin da ake kira dildirin. Lissafin bai tanadi cewa abokin gaba zai sauya jini ba.

Garki

Gwaji mafi girma da aka taɓa yi wa irin wannan lissafi a Afirka, a tsohuwar Jihar Kano aka yi shi, a gundumar Garki wadda yanzu take Jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka zauna a ƙauyuka 22, irin su Sugungum da Rafin Marke da Ajura, suna ɗiban jinin mutane kowane mako goma, suna kama sauro dare da rana suna fedewa. An tarar a waɗansu ƙauyukan mutum ɗaya yakan sha cizo mai ɗauke da cuta fiye da sau 100 a shekara, kusan duka a cikin damina. A 1972 da 1973 aka fesa wa ɗakunan ƙauyuka 164 wani magani mai suna furofoksa, a waɗansu kuma aka haɗa da raba wa kowa da kowa ƙwayoyi. Cutar ta ragu ƙwarai inda aka haɗa biyun, amma ba ta yanke ba, kuma da aka janye hannu ta komo. Babban dalili shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bango bayan ya ci, waje yake fita ya huta.

Daga Garki aka sami lissafin da Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka buga a 1974, da littafin da ya fito a 1980, waɗanda har yau masu kirdado a jami'o'in duniya suke gwada nasu aikin da su. Abin alfahari ne a gare mu, ko da yake kaɗan daga ɗalibanmu suka taɓa jin labarin. Amma ku lura da irin ƙasar da aka auna. Garki jigawa ce, damina wata huɗu, rani wata takwas. Sauron da aka ƙidaya ɗan gida ne, watau anofilis gambiye da ɗan'uwansa arabiyensis, masu son ƙaramin ruwa mai rana irin na sawun shanu da ramin ɗiban ƙasa, da kuma funestus mai son ruwa mai ciyawa. Hoton da duniya ta ɗauka na zazzaɓin ƙasar Hausa hoton Garki ne.

Ruwan Tiga

A daidai shekarun da ake ƙidayar sauro a Garki, a kudancin jihar ana wani aiki da zai sa hoton nan ya daina kama da wani yanki nata. Gwamna Audu Baƙo ya sa aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974, ana tsakiyar farin da ya halaka dabbobi daga nan har Nijar. An fara gonar gwaji a Kadawa, masana daga ƙasar Holan suka zana tsarin, aka nufi shayar da hekta 22,000 a kashi na farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Ba inji ake sa wa ruwan ba, gangarowa yake yi da kansa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya watsu cikin ƙananan hanyoyi har gonar manomi a Kura da Bunkure da Garun Malam.

Kada wani ya ɗauka na zo kushe wannan aiki. Wanda ya bi hanyar Zariya a watan Maris ya ga kore shar ta ko'ina, ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan da injinan casar shinkafa a Kura, ya san ruwan nan ya ciyar da mutane, ya tsai da matasan da dā cin rani suke tafiya. Abin da nake cewa shi ne an sallami tsohon likitan nan, watau rani, ba a kuwa ɗauki wani a madadinsa ba.

Sauro ba ya haihuwa a ruwa mai gudu. Babban kanal ba matsala ba ne. Matsalar tana inda ruwa ya tsaya, watau inda kanal ya tsage yana yoyo, da magudanar da ta toshe, da ramukan da aka ɗebi ƙasa, da tafkunan da aka gina domin tara ruwa da dare, da uwa uba fangalin shinkafa. Da farko alkama aka yi wa tanadi, amma manomi ya bi kasuwa, shinkafa ta ci gari, har ana yin ta damina da rani. Makonnin farko bayan dashe, ruwa kwance, rana na dukansa, babu abin da gambiye yake so kamar wannan, kuma cikin zafi mako ɗaya zuwa kwana goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa fiffike. In shinkafa ta rufe, ya ragu. Amma da yake maƙwabci bai yi dashe rana ɗaya da maƙwabcinsa ba, kullum akwai fangalin da yake daidai. Kachala kuma da ta cika magudanai ta yi wa funestus shimfiɗa.

To, ko yawan sauro yana nufin yawan zazzaɓi? A nan ne ya kamata ma'aikaci ya yi hattara, domin tarihi ya ba da amsa biyu. A Niyono ta ƙasar Mali, inda Faransawa suka kafa noman shinkafa da ruwan Kogin Kwara, bincike ya nuna ƙauyukan da ke cikin shinkafa sun fi sauro nesa ba kusa ba, amma ba su fi zazzaɓi ba. Sauron ya yi yawa har kowa ya tilasta wa kansa gidan sauro, manoma kuma suna da kuɗin magani. Sai dai cutar ta daina bin damina, ta bazu cikin shekara. A Jazira ta Sudan kuwa, inda dubban Hausawa suke noma tun bayan yaƙin Burmi na 1903, labarin dabam ne. An gama madatsar Sinnar a 1925, aka yi shekaru ana auduga ana barin hanyoyin ruwa su bushe wani lokaci na shekara. Da aka ƙara alkama da gyaɗa daga shekarun 1960, ruwa ya daina yankewa, zazzaɓi ya tashi, har aka kafa wani shiri na musamman a 1979 domin yaƙi da shi da tsargiya. Abin da wuraren biyu suka yi tarayya a kai shi ne kalanda ta sauya. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, gama maganin rigakafin da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 aka fara gwada shi a Jihar Katsina a 2013, wata-wata ake raba shi a cikin damina kaɗai. Kalandar Garki ke nan, an ɗora wa yaron da ke kwana kusa da fangali a watan Afrilu.

Baƙon da muka aika, da wanda aka aiko mana

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mutanen Burazil ba za su yarda da wannan karin magana ba. A watan Maris na 1930, wani masanin ƙwari Ba'amurke, Raymond Shannon, yana yawo a bayan garin Natal, ya leƙa wani ruwa ya ga tsutsar sauron Afirka. Jiragen ruwan Faransa masu sauri da ke kai wasiƙu daga Dakar su ake kyautata zaton sun kawo shi. Shannon ya yi gargaɗi. Aka yi ɗan aiki a cikin Natal, sauron ya ɓace daga garin, hankali ya kwanta. Shi kuwa yana can yana bin gaɓar teku da kwaruruka, shekara takwas. A 1938 ya fashe a kwarin Kogin Jaguwaribe, mutane fiye da 100,000 suka kwanta, aƙalla 14,000 suka mutu. Sa'an nan gwamnatin Getulio Vargas da Gidauniyar Rockefeller suka damƙa aikin ga Fred Soper. Ya ɗauki ma'aikata wajen 4,000, ya yanka ƙasar gunduwa-gunduwa a taswira, kowane mutum da yankinsa, ana barbaɗa wa kowane ruwa wata koriyar hoda mai guba, ana tsai da motoci a hanya a yi musu feshi, ana kuma bin sawun ma'aikaci a ga ko ya je inda ya ce ya je. A ƙarshen 1940 ba a sake ganin ko ɗaya ba. Haka aka maimaita a Masar, inda sauron ya gangaro daga Sudan ta Wadi Halfa a 1942, aka gama da shi a 1945. Da aka binciki gawarwakin sauron Burazil da ke ajiye a gidajen tarihi a 2008, sai aka ga arabiyensis ne, watau irin wanda ke cizonmu a Kura.

Abin da ya taimaki Soper shi ne rani. In ruwa ya ɗauke a arewa maso gabashin Burazil, sauron ba shi da mafaka sai 'yan kududdufan cikin busasshen kogi da rijiyoyin lambu, waɗanda mutum zai iya ƙirgawa. Ku riƙe wannan.

Namu baƙon sunansa anofilis sitifensi, ɗan asalin Indiya da Pakistan da Iran da gaɓar Larabawa. An fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ƙidaya masu zazzaɓi 27 kacal, tana shirin shelar rabuwa da cutar. A 2020 adadin ya haura 73,000. An same shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a Jihar Gombe a 2020, a Kenya da Gana a 2022. Wanda ya san tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Abeshe da Al-Ubayyid har Bahar Maliya, ba zai yi mamakin yadda abin da ke Sudan zai iso mu ba. Ba shi ne kuma baƙo na farko ba. Wani sauro mai zanen fari da baƙi daga Asiya, wanda ƙwansa ke bin tsofaffin tayoyi, an same shi a Jihar Delta tun 1991.

Halin sitifensi shi ne abin tsoro. Sauronmu na gida baƙauye ne, birni bai karɓe shi sosai ba. Wannan kuwa a tanki yake haihuwa, da duro, da rijiya, da kwarmin ruwan masu buga bulo, da ginin da aka fara ba a gama ba. Duk inda famfo ba ya zuwa kullum, mutane suka koma tara ruwa, an yi masa gida. Yakan sha jinin shanu da awaki, ya huta a garke inda mai feshi ba ya shiga, kuma ya zo da taurin kai ga yawancin magungunan da ake sa wa gidan sauro. A Dire Dawa ta Habasha an sami masu zazzaɓi 205 a dukan 2019, amma a watanni biyar na farkon 2022, tsakar rani, aka sami fiye da 2,400, da yawansu ɗaliban jami'ar garin ne da ke kwana kusa da matattarar ruwa.

A 2020 Marianne Sinka ta Jami'ar Oksfod da abokan aikinta suka buga taswirar kirdado. Yadda ake yin irinta ba wuya a fahimta. A tara duk wuraren da aka taɓa kama sauron, a duba zafinsu da yanayin ruwan samansu da korensu da cunkoson mutanensu, a ce wa kwamfuta ta nemo wurare masu kama da su a Afirka. Sakamakon ya nuna birane 44 cikin 68 masu mutum fiye da miliyan ɗaya sun dace da shi ƙwarai, kuma mutane miliyan 126 na iya shiga sabon haɗari. Aiki ne mai kyau, ya kuma farkar da hukumomi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai irin wannan taswira tana faɗin inda sauro zai iya zama ne, ba inda yake ba, ba kuma ranar da zai iso ba. Tauraron ɗan'adam yana ganin koren Kadawa, ba ya ganin randar da ke bayan ɗaki.

A ganina, ƙasar Kura ta haɗa abin da taswirar birane ba ta tanada ba. A Pakistan da Iran akwai reshen sitifensi na karkara da ke haihuwa a fangalin shinkafa da gefen hanyoyin ban-ruwa. Kura tana da wannan ruwan. Tana kuma da ɗaya ruwan, na tukwanen turara shinkafa da durorin masu casa da tankunan gidaje. Tana da shanun noma da na kiwo a cikin gari. Tana kan babbar hanya, manyan motoci daga kowace kusurwa suna kwana suna lodi, Kano kuma tafiyar ƙasa da sa'a guda ce. In baƙon ya sauka a nan, ba za a sami ranin da ya taimaki Soper ba.

Ga wata wahala kuma. Tsutsar sitifensi da ta gambiye, a idon wanda ba gwani ba, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai an ɗebo ta da ludayi, an rene ta a kwano mai rufin raga har ta yi fiffike, a duba zanen fiffiken a madubin likita, in an yi shakka a aika ɗakin bincike, kamar yadda Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da ke Yaba ta tabbatar da na Gombe. Tarkon da aka saba kafawa a ɗakin kwana ba ya cika kama shi, tun da ba nan yake hutawa ba. Saboda haka aikin na ƙafa ne. Ma'aikacin hukumar kogi da ke buɗe ƙofar ruwa kowace safiya ya san duk inda kanal ke yoyo. Duba-gari na ƙaramar hukuma yana da ikon shiga gida ya ɗaga murfin tanki. Malamin asibiti a Kura ko Bunkure yana da littafin da in aka buɗe shi wata-wata za a ga ko zazzaɓin Maris da Afrilu yana hawa. Waɗannan mutum uku ma'aikatu uku suke yi wa aiki, kuma rahoton kowannensu hanyarsa dabam. Ƙungiyoyin manoman da ke raba ruwa su ma suna da abin yi, domin an gwada a ƙasashen Asiya cewa in aka janye ruwa daga fangali na 'yan kwanaki a kai a kai, tsutsa takan mutu, shinkafa kuwa ba ta raguwa, muddin dukan masu shan kanal ɗaya suka yi a tare.

Shugaba, a nan zan tsaya domin a sami lokacin tambayoyi.